Tseren Dakar da ba ya zuwa Dakar: asalinsa, wahalarsa, da abin da ya fitar da shi daga hamadarmu

A watan Janairu, lokacin da hunturu ya kankama, a wata rumfar cajin waya da ke kusa da kasuwar Maigatari, samari sun yi cincirindo a kan waya guda. Abin da suke kallo mota ce ta haye ƙaton tudun rairayi, ta yi tsalle, ta dira ta ɗaya gefen, ƙura ta turnuƙe. Wani dattijo da ya yi shekaru yana jan gingimari tsakanin Kano, Damagaram da Agadas ya leƙa, ya ce, "Kai yaro, wannan ba tseren Turawan nan ba ne da suke bi ta Agadas?"

"Baba, wannan a Saudiyya ne."

"To me ya kai Dakar Saudiyya? Dakar ba a Senegal take ba?"

Babu wanda ya ba shi amsa, domin su ma samarin ba su taɓa tambayar kansu ba. Dattijon bai yi kuskure ba, yaron ma haka. Gasar da ake kira Dakar ta bar Afirka tun 2008, ta yi shekara 11 a Kudancin Amurka, tun 2020 kuma a Saudiyya ake yin ta. Sunan ne kawai ya bi ta. Yadda aka yi haka, da abin da ya sa wannan tsere ya bambanta da duk wani tseren mota, labari ne da ya shafi hanyoyin da kakanninmu suka bi da raƙuma, waɗanda 'yan'uwanmu ke bi har gobe.

Wace irin gasa ce?

Tseren mota iri-iri ne. Akwai wanda ake yi a kan kwalta a cikin killataccen fili, motoci na zagaye wuri guda. Akwai wanda ake rufe gajerun hanyoyin burji ko na dutse, kowace mota ta bi ita kaɗai, a auna lokacinta. Na uku shi ne tseren ƙetare daji da hamada, wanda ake kwanaki ana yi a inda babu titi, kuma Dakar ce uwa a cikinsa. Akan ɗauki kimanin mako biyu. A shekarun nan na Saudiyya, tsawon tafiyar kan kusa kilomita 8,000, wato kamar mutum ya tashi daga Kano zuwa Legas sau bakwai ko takwas.

Ana raba tafiyar zango-zango, kowace rana da nata. Zangon kansa kashi biyu ne. Akwai tafiyar sadarwa, inda ɗan tsere ke bin titin kowa da kowa, yana kiyaye dokar hanya, har ya isa inda za a fara ƙidaya. Sai kuma ainihin fagen, wanda kan kai kilomita 300 zuwa 500 ko fiye, inda agogo ke aiki. Da dare kowa ya hallara a sansani, makanikai su kwana suna kwance inji suna ɗaurawa, da asuba a sake tashi. Wanda jimillar lokacinsa ta fi ƙanƙanta a ƙarshen kwanakin, shi ne zakara. Ana fafatawa a rukunin babura, da motoci, da ƙananan motocin rairayi marasa gilashi, da manyan motocin ɗaukar kaya.

Abin da masu kallo a waya ba sa gani shi ne littafin hanya. Ba a shata wa 'yan tsere hanya da tuta ko fenti, kuma ba a ba su taswira irin ta wayar hannu da za ta ce musu su yi dama ko hagu. Abin da ake ba su jerin ƙananan zane ne da lambobi: bayan kilomita kaza za ka ga busasshen kwari, ka fuskanci kusurwa kaza, akwai rami a gaba, ka yi hattara. A mota, mutum na biyu ne ke karantawa yana faɗa wa direba. Mai babur kuwa shi ne direba, shi ne jagora. Akwai wuraren da dole a bi ta kansu, na'ura ce ke tabbatar da an taka su, wanda ya tsallake ɗaya sai a ƙara masa mintuna a kan lokacinsa.

Kafin Dakar, tsere ya taɓa zuwa Kano

Ƙetare Sahara ba da mota aka fara shi ba. Ayarin gishiri na Buzaye ya daɗe yana tashi daga ƙasar Abzin ya ratsa hamadar Tenere zuwa Fachi da Bilma, ya sauko da kantu da dabino har kasuwannin ƙasar Hausa. Madugu ba shi da littafin hanya. Taurari yake karantawa, da kwanciyar rairayi, da inda iska ke kaɗawa, kuma ya san cewa kuskuren yini guda na iya cinye ayari duka. Turawa sun zo da injin ne kawai. A ƙarshen 1922 zuwa farkon 1923 motocin kamfanin Citroën masu ƙafar kaca suka ƙetare daga Touggourt ta Aljeriya zuwa Tambutu. Tun kafin nan, a 1907, an yi tsere daga Peking zuwa Paris da motoci biyar kacal.

Abin da mutane da yawa a nan ba su sani ba shi ne cewa Kano ta taɓa zama zango a irin wannan gasa. A 1974, albarkacin gasar cin kofin ƙwallon ƙafa ta duniya da aka yi a Jamus ta Yamma, an shirya tseren motoci daga Landan zuwa Munich, amma aka karkato da hanyar ta Aljeriya, ta ratsa Sahara ta Tamanrasset zuwa Kano, sannan ta juya arewa. Motoci 70 suka tashi, 19 suka isa Munich, kuma biyar ne kawai suka cika dukan tsawon hanyar. Abin da ya tarwatsa su ba gudu ba ne. Tsakanin lokacin da aka rubuta littafin hanya da lokacin tseren, an yi aikin titi a kudancin Aljeriya, alamun da aka rubuta suka daina dacewa da abin da ke ƙasa, direbobi da dama suka bazu cikin hamada suna neman hanya. Wasu 'yan Ostireliya uku ne suka yi nasara da Citroën DS. Darasin da ya fito a 1974 shi ne dai wanda ke mulkin gasar har yau: ɓatan hanya ya fi rashin gudu tsada.

Mutumin da ya ɓata

Dakar kanta daga ɓata ta samo asali. A 1977 wani Bafaranshe mai suna Thierry Sabine ya shiga tseren Abidjan zuwa Nice a kan babur, ya ɓace a hamada, aka ceto shi da ƙyar. Maimakon ya yi sallama da rairayi, sai ya koma gida da niyyar kawo wasu. Ranar 26 ga Disamba 1978, ababen hawa 182 suka tashi daga Paris. Suka bi ta Aljeriya, suka shigo Nijar ta Agadas da Yamai, suka wuce Mali, suka isa Dakar ranar 14 ga Janairu 1979 bayan tafiyar kusan kilomita 10,000. Guda 74 suka kai. Cyril Neveu ne ya zo na ɗaya a kan babur Yamaha XT500.

A farkon al'amari yawancin mahalarta 'yan sha'awa ne da motocin gida da aka ɗan ƙarfafa. Duniya ta waiwayo gasar sosai a 1982, lokacin da Mark Thatcher, ɗan firaministar Birtaniya ta wancan lokaci, ya ɓace kwana shida a kudancin Aljeriya har sai da jirgin sojan ƙasar ya hango shi. Daga nan manyan kamfanoni suka shigo da kuɗi da injiniyoyi. Porsche ta ci, Mitsubishi ta ci, Peugeot, wadda muke kira Fijo, ta riƙe kambun daga 1987 zuwa 1990. A 1989 direbobinta biyu, Ari Vatanen da Jacky Ickx, suka yi wa kowa fintinkau suna neman hallaka kansu a kan wanda zai zo na ɗaya, sai shugaban tawagar, Jean Todt, ya jefa sulalla a garin Gao don a raba gardama. Vatanen ya ci. Masu ganin gasar a matsayin gwajin jarumtaka sun ji zafin wannan, domin ya nuna musu cewa kamfani ne ke da ta cewa.

Sabine bai ga wannan ba. Ranar 14 ga Janairu 1986 jirgi mai saukar ungulu da yake ciki ya faɗi kusa da Gourma-Rharous a Mali, mutum biyar suka mutu har da shi. An watsa tokarsa a gindin wata bishiya da ke tsaye ita kaɗai a Tenere.

A waɗannan shekaru Nijar ce zuciyar gasar. Agadas, Dirku, Tarmit, Tawa da Yamai duk sun karɓi zanguna. Da ɗan gari akan ci gari, kuma ɗan garin da aka fi sani shi ne Mano Dayak, Ba'abzine mai kamfanin yawon buɗe ido a Agadas, wanda ya yi aiki da Sabine. Filin jirgin saman Agadas sunansa yake ɗauke da shi yanzu.

Rairayi, hanya da jiki

Duk wanda ya taɓa bin hanyar ƙauye a arewacin Jigawa da rani, ta wajen Sule Tankarkar ko Birniwa, ya san farkon wannan ilimi. Akori-kura ta ɗauko buhunan riɗi, ta shiga jigawa, sai ka ji injin na kuka, tayar baya na juyawa a wuri guda tana haƙa wa kanta rami. Direban da ya san aiki ba ya ƙara taka totur. Yakan sauko, ya tsuguna, ya sa tsinke ya rage iskar tayoyin har su ɗan baje, yaran mota su tone rairayin da hannu, su shimfiɗa kara ko reshen sabara a gaban taya, fasinja su sa kafaɗa. Abin da 'yan Dakar ke yi ke nan, sai dai su da faranti na musamman suke shimfiɗawa, kuma agogo na cin su. Tayar da aka rage wa iska takan faɗaɗa ta hau kan rairayi maimakon ta nutse. Amma da an fito kan duwatsu, ita ce ta fi saurin fashewa. Ke nan kowane sauyin ƙasa sai an yanke shawara: a tsaya a gyara iska a yi asarar minti biyu, ko a ci gaba a yi kasadar asarar talatin.

Tudun rairayi na hamada fuska biyu gare shi. Gefen da iska ke bugawa yana da sauƙin hawa kuma ya fi tauri. Ɗaya gefen yakan yanke ne kamar bango. Wanda ya hau a hankali zai kafe kafin ya kai ƙololuwa, wanda ya hau da ƙarfi zai tashi sama ya dira da goshin mota. Da sassafe rairayin na da ɗan ƙarfi saboda sanyin dare, ga inuwa tana nuna inda kwari yake. Da rana ta take tsaka, rairayin ya yi laushi, inuwa ta ɓace, ƙasa duka ta zama fari ɗaya, ido ba ya bambance tudu da rami. Akwai kuma wata ƙasa mai laushi kamar toka da ake kira fesh-fesh, wadda ke ɓoye ramuka, ta toshe matatar iskar inji, ta rufe wa na baya ido ruf.

Sai maganar hanya, wadda a ganina ita ce gasar. Ƙa'ida ita ce wanda ya ci zangon jiya shi ke fara tashi yau. A ido kamar girmamawa ce, a aikace kuwa nauyi ne, domin gabansa babu sawun kowa. Shi zai karanta littafi ya nemo hanya, na bayansa su bi sawunsa su cim masa. Wannan ya sa wasu kan rage gudu da gangan don kada su ci zango a ranar da ba ta dace ba, har masu shirya gasar suka fara ba masu babur da ke buɗe hanya ladan lokaci daga 2023. Bin sawu ma ba tabbas ba ne, don in na gaba ya ɓata, sai ya ja mutum goma su ɓata tare. A da, ana raba littafin hanya tun da yamma, manyan tawagogi su sa ƙwararru su kwana suna gwada shi da hotunan tauraron ɗan'adam. Da aka koma Saudiyya sai aka koma bayar da shi 'yan mintuna kafin tashi, don mai kuɗi da marar kuɗi su shiga da ilimi ɗaya.

Jiki kuma yana da iyaka. Mai babur kan tashi tun kafin asuba cikin sanyin da ke sa yatsu su ƙage, ya yi awanni a tsaye a kan takalmin babur, ya sha zafin rana, ya dawo sansani da dare. Akwai rukunin da ba a yarda su zo da makanike ba sam, akwatin ƙarfe guda ake ɗaukar musu, su za su canza mai da taya kafin su runtsa. Akwai zangon da ake hana kowa taimakon tawagarsa har kwana biyu. A 2024 aka ƙara wani sabo a hamadar Rub'ul Khali: da ƙarfe 4 na yamma ta yi kowa ya tsaya a sansanin farko da ya tarar a gabansa, a ba shi tanti da abincin soja, da safe ya ci gaba. Gajiya ce ke kawo kuskuren karatu, kuskuren karatu ya kawo haɗari. A 1987 Hubert Auriol, yana kan gaba a rukunin babura, saura ƙiris a gama, ya bugi kututture ya karya idon sawunsa biyu, ya kuma tuƙa har ƙarshen zangon kafin a sauke shi.

Saboda haka ne shekaru da ƙwarewa ke da daraja a nan fiye da sauran wasanni. Stéphane Peterhansel ya ci sau 14, shida a babur, takwas a mota. Carlos Sainz na Sifaniya ya ci a 2024 yana da shekara 61. Jutta Kleinschmidt ta Jamus ta ci rukunin motoci a 2001, ita ce mace ta farko.

Waɗanda suka biya da rai

Tun daga 1979 mutum sama da 70 suka mutu ta dalilin wannan gasa. Wasu 'yan tsere ne da suka shiga da saninsu, kamar Fabrizio Meoni, wanda ya ci sau biyu kafin ya mutu a Muritaniya a 2005, da Paulo Gonçalves a Saudiyya a 2020. Wasu kuwa ba su sa hannu a takardar komai ba. A 1988 mota ta kashe yarinya 'yar shekara 10 a Mali. A 2006 yara maza biyu suka mutu a cikin kwana biyu, ɗaya mai shekara 10 a Gini, ɗaya mai shekara 12 a Senegal.

A nan ra'ayi ya rabu, kuma kowane ɓangare na da abin kamawa. Masu suka sun ce ba daidai ba ne a mai da ƙauyukan talakawa filin wasan masu kuɗi. A 1988 jaridar fadar Paparoma ta kira gasar baje kolin ƙarfi da dukiya a wuraren da mutane ke mutuwa saboda yunwa da ƙishirwa. Sun ce ana kiyaye sunan kowane ɗan tsere da ya mutu, amma ba a ƙididdige 'yan ƙasa da irin wannan kulawa. Sun ƙara da cewa ayarin kan zo da abincinsa da mansa da likitocinsa, ya kwana ɗaya ya wuce, ya bar hanyar burji a farfashe da dabbobin da aka take.

Masu goyon baya sun ce a tambayi mutanen Agadas da Atar ta Muritaniya da Dakar. Masu masauki, da jagorori, da maƙeran azurfa, da masu hayar mota sun ci abinci, kuma hotunan Tenere da aka nuna a talabijin ɗin Turai su suka jawo 'yan yawon buɗe ido shekara da shekaru. Sun tuna cewa a shekarar da Sabine ya mutu akwai shirin kafa famfunan ruwa a ƙauyuka da ke tafiya tare da gasar. Sun kuma nuna cewa an ɗauki matakai: an sa iyakar gudu a cikin gari, na'ura na lura, wanda ya karya a hukunta shi.

Idan aka auna, duka biyun gaskiya ne, sai dai ba mutum ɗaya ne ya ci riba ya kuma yi asara ba. Ribar ta fi zuwa manyan garuruwan zango. Haɗarin ya fi sauka a ƙauyen da ke tsakani, inda yaro bai taɓa ganin abin da ke gudun kilomita 100 a awa ba, balle ya san nisan da ya kamata ya ba shi.

Abin da ya fitar da ita

Ba wannan muhawara ce ta kori gasar ba. Rashin tsaro ne, kuma a hankali ya zo. Tawayen Abzinawa ya tashi a Nijar da Mali a farkon shekarun 1990. A 1991 aka harbe direban wata motar kayan tawagar Citroën a Mali. Aljeriya ta faɗa yaƙin basasa daga 1992, ba a jima ba ƙofarta ta rufe. Masu shiryawa suka riƙa sauya hanya: a 1992 aka nufi Cape Town, a 1997 aka tashi daga Dakar zuwa Agadas aka koma. A 2000, ana kan hanyar zuwa Alƙahira, aka samu gargaɗin hari a arewacin Nijar, sai aka kwashe gasar ɗungurungum a manyan jiragen Antonov daga Yamai zuwa Sabha ta Libiya. Daga nan a yawancin shekaru hanya ta ƙara matsawa yamma, ta Maroko da Muritaniya.

Ranar 24 ga Disamba 2007 aka kashe Faransawa huɗu 'yan yawon buɗe ido kusa da Aleg a Muritaniya. Ranar 4 ga Janairu 2008, saura kwana ɗaya a tashi daga Lisbon, kamfanin ASO mai shirya gasar ya soke ta saboda barazanar ƙungiyar Alƙa'ida ta yankin Magrib. A 2009 aka buɗe a Ajantina da Chile, daga baya Peru da Bolibiya da Paraguay suka shigo. Can ma ba a rasa ƙorafi ba, musamman daga masu kula da kayan tarihi a Chile, waɗanda suka ce motoci na taka wuraren da ba za a iya mayarwa ba. Gwamnatocin yankin, waɗanda ke biyan kuɗi don a zo ƙasarsu, suka riƙa janyewa, har a 2019 Peru kaɗai ta rage.

Saudiyya ta karɓa a 2020, aka tashi daga Jidda. Tana da hamada mai faɗi wadda ba kowa a cikinta, tana da kuɗi, kuma tana neman manyan wasanni a ƙarƙashin shirinta na sauya fasalin tattalin arziki nan da 2030. Ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan'adam sun ce ana amfani da wasanni ne don gyara sunan gwamnati. Masu kare matakin sun nuna cewa ƙasar da sai a 2018 mata suka fara tuƙi a cikinta, a 2022 'ya'yanta mata biyu, Dania Akeel da Mashael Al-Obaidan, sun shiga gasar. A 2025 Yazeed Al-Rajhi ya zama ɗan Saudiyya na farko da ya ci rukunin motoci.

Sunan Dakar kuwa ya zama tambarin kasuwanci mallakar ASO, shi ya sa yake tafiya duk inda kamfanin ya je. Gasar da a yau take ƙarewa a Dakar ta gaske wata ce daban, Africa Eco Race, wadda tsofaffin 'yan Dakar irin su Auriol da Jean-Louis Schlesser suka kafa bayan sokewar 2008. Tana bi ta Maroko da Muritaniya zuwa Senegal, ba ta kai uwar girma ba.

Inda abin ya taɓa mu

Na farko, motocin. Mitsubishi Pajero ta ci sau 12, Toyota Hilux ta ci a 2019, 2022, 2023 da 2025, uku daga ciki a hannun Nasser Al-Attiyah na Ƙatar. Wannan na cikin abin da ke ƙara wa sunayen nan kwarjini a kasuwa. Amma Hilux ɗin tsere ba ita ce ta tashar Gumel ba. Suna da kamannin fuska kawai suka haɗa. Ta tsere ƙashinta bututun ƙarfe ne da aka ƙera don ya kare mutum in ta wuntsila, direba na ɗaure da bel mai harshe da yawa, kansa da hular kwano. Mai babur na sanye da rigar da ke kumbura da iska in ya faɗi, wadda aka wajabta tun 2021. Kowane abin hawa na ɗauke da na'urar da ke sanar da masu shiryawa inda yake, jirage masu saukar ungulu da likitoci na shawagi a sama. Saurayin da ya kalli minti ɗaya na tsalle a waya, ya fito ya gwada da babur ɗin acaɓa a hanyar da yara ke kiwo, ko a wasan mota na ranar ɗaurin aure, ya kwaikwayi tsallen ne ba tare da ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Na biyu, duk wanda wata rana zai kawo shawarar shirya irin wannan tsere a jigayin Arewa, tarihin nan ya riga ya nuna tambayoyin da dagaci da mai unguwa za su yi tun kafin a buga ganga: ta ina za a bi, wa zai sanar da makiyaya da masu gonaki, wa zai biya diyyar dabba ko shuka, wa zai gyara burji bayan an wuce, kuma nawa ne zai tsaya a garin.

Na uku ya fi nauyi. Hanyar da gasar ta bari ba ta mutu ba. Daga Agadas zuwa Dirku zuwa Sabha, da kuma daga Arlit zuwa Tamanrasset, motoci na bi har yanzu, cike da masu neman aiki da masu tafiya ci-rani, cikinsu har da Hausawa daga ɓangarorin iyaka biyu. Rairayin ɗaya ne, zafin ɗaya ne, kuma kuskuren da ya tarwatsa 'yan tseren 1974 shi ne ke jiran direban da ya kauce wa sananniyar hanya don gudun shingen jami'ai. A 2015 Nijar ta kafa dokar hana safarar baƙin haure, direbobi da yawa suka koma bin ɓoyayyun hanyoyi masu nisa da rijiyoyi, har aka soke dokar a Nuwamba 2023. Tun kafin dokar ma, a Oktoba 2013, motoci biyu suka lalace a arewacin Arlit, kusa da iyakar Aljeriya. An tsinci gawa 92, 52 daga ciki yara ne, ƙishirwa ce ta kashe su. Yawancinsu daga yankin Kance suka fito, a jihar Damagaram, tafiyar 'yan awanni daga rumfar cajin wayar nan ta Maigatari.